Tafiyar ƙafa a kwanakin Hajji: Mina, Arfa, Muzdalifa da wurin jifa

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da maniyyata uku a gida bana, biyu daga ciki sun haura shekara 55. Ana ta gaya musu akwai mota akwai jirgin ƙasa, kada su damu da tafiya. Wasu kuma na cewa ko an hau mota sai ƙafa ta ji jiki. Masu ilimin abin, kilomita nawa mutum zai taka a zahiri, kuma da me zai shirya?

Alhaji na Fagge:
Wa alaikumus salam. Wanda ya ce musu kada su damu bai kyauta musu ba. Daga Harami zuwa cikin Mina kilomita 7 zuwa 8 ne, ya danganta da inda tantinku yake. Mina zuwa Arfa kusan 14. Arfa zuwa Muzdalifa 7 zuwa 9. Daga Muzdalifa zuwa wurin jifa 5 zuwa 6. Waɗannan mota na iya rage wasu. Wanda mota ba ta ragewa shi ne zuwa jifa da dawowa, domin tantunan alhazanmu yawanci can nesa suke da Jamrat, wato wurin jifan, zuwa kawai sai ya ci kilomita 3 ko 4, kuma hanyar dawowa daban ce da ta zuwa, ta fi zagaye. Wannan kwana uku a jere, ko huɗu ga wanda ya tsaya har 13 ga wata.

Ranar 10 ga Zulhajji ita ce mai karya mutum. Ka taso daga Muzdalifa ba ka yi barcin kirki ba, ka je ka jefi Jamratul Aƙaba, idan ka zarce Makka don ɗawafin ifala ƙarin kilomita 5 ke nan, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3, ɗawafi a ƙasa kusa da Ka'aba ya wuce kilomita 1, a hawa na sama kuwa ya ninka haka sau uku ko fiye. Sannan ka komo Mina ka kwana. Haɗa duka za ka ga ranar ta haura kilomita 20.

Maman Sadiq:
Shi ya sa ake ba dattawa shawara su raba ranar. Su yi jifa su koma tanti su huta, ifala kuma su bari sai cunkoso ya ragu. Ba dole ba ne a haɗa komai a yini ɗaya.

Malam Ɗanjuma:
Haka ne Hajiya. Ifala ranar salla ita ce ta fi, amma jinkirta ta zuwa kwanakin tashriƙ (11 zuwa 13 ga wata) ko bayansu a cikin Zulhajji ba ya ɓata Hajji. Sai dai mutum ya sani bai gama fita daga harami ba sai ya yi ta, iyalinsa ba su halatta gare shi ba.

Ɗan Maraɗi:
Ni tambayata daban ce. Matasa da yawa suna son su taka daga Mina zuwa Arfa da ƙafa da gangan, wai ya fi lada. Kakanninmu ma ai daga nan suka taka, ta Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Abeche da Al-Fashir har Suwakin, wasu shekara bakwai a hanya. Mu kilomita 14 za ta gagare mu?

Malam Ɗanjuma:
Malamai sun yi saɓani kan wanda ya fi, tafiya ko hawa. Masu fifita tafiya suna kafa hujja da ayar Suratul Hajji da ta ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu hawa. Masu fifita hawa suna cewa Manzon Allah (SAW) a kan taguwarsa ya yi Hajjin bankwana, kuma a kanta ya tsaya a Arfa. Akwai kuma hadisin dattijon da ya yi bakancen zuwa da ƙafa, aka gan shi yana jingine da 'ya'yansa biyu, Annabi ya ce Allah ba ya buƙatar ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau. To ka ga ma'aunin. Idan tafiyar za ta sa ka isa Arfa ka zube kana barci har magariba, ka yi asarar abin da ka je nema.

Su kakannin da ka ambata kuwa, ba a yini ɗaya suke cinye hanya ba. Sukan yada zango su yi noma ko leburanci a Sudan, su tara guzuri su ci gaba, wasu ma can suka zauna har yau, kamar mutanen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kuma ba sa tafiya da tsakar rana a kan kwalta.

Alhaji na Fagge:
Ɗan Maraɗi, idan mai lafiya ne kuma jami'an tantinsa sun yarda, zangon da ya fi dacewa a taka shi ne Arfa zuwa Muzdalifa, ba Mina zuwa Arfa ba. Dalili: ana barin Arfa ne bayan faɗuwar rana, babu rana a kanka. Akwai titin masu tafiya a ƙasa da aka ware, babu mota a kansa, da fitilu da famfunan ruwa da banɗakuna da na'urorin feshin ruwa a kan turaku. Awa biyu zuwa uku ka isa. A daren nan motoci kan maƙale a layi, sau da yawa mai ƙafa na riga mai bas. Mina zuwa Arfa kuwa, idan ka taso bayan asuba, a cikin jama'a ba ka wuce kilomita 3 a awa, wato sai wajen ƙarfe 10 za ka isa, rana ta riga ta buɗe, kuma aikin neman tantin jiharku a Arfa wani tattakin ne na daban. Mutane da yawa a nan suke ɓacewa, su yini a waje babu inuwa.

Malam Ɗanjuma:
In ƙara wani abu a kan wannan, musamman ga mu Malikawa. Rukunin tsayuwar Arfa a mazhabarmu shi ne kasancewa a cikinta wani yanki na dare bayan rana ta faɗi. Masu tafiyar ƙafa suna da ɗabi'ar fara matsawa tun la'asar sakaliya don su riga jama'a. Matsawa zuwa kusa da iyaka babu laifi, ƙetare ta ne matsala. Akwai manyan alluna masu ruwan ɗorawa da ke nuna farkon Arfa da ƙarshenta, kada ka wuce su sai ka tabbatar rana ta faɗi. Haka nan gaban Masallacin Namira yana cikin kwarin Urana, ba Arfa ba ne, akwai alama a cikin masallacin.

A Muzdalifa ma a kula. Kada gajiya ta sa ka shimfiɗa tabarma da ganin wasu sun shimfiɗa. Tsakanin Arfa da Muzdalifa akwai fili wanda ba na ko ɗaya ba ne. Sai ka ga allon shiga.

Sista Rabi:
Bari in shigo ta ɓangaren ƙafa, don shi ne abin da ke cika asibitocin tanti. Abu na farko takalmi. Kada kowa ya sayi sabon takalmi a Makka ko Madina ya sa shi ranar Tarwiya, wato 8 ga Zulhajji da ake fita Mina. Takalmin da za a yi Masha'ir (Mina, Arfa da Muzdalifa) da shi a saya tun a gida, a yi ta tafiya da shi aƙalla sati huɗu. Ya ɗara ƙafa kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa a gaba, saboda ƙafa na kumbura da zafi da tsayuwa.

Mata ba su da matsala, kambas mai laushin ciki da safa ya halatta gare su, su tafi da safa ƙafa uku ko huɗu suna canzawa idan ta jiƙe da gumi ko alwala. Jiƙaƙƙiyar safa ita ke kawo bororo. Maza su nemi sandal mai maɗauri a dunduniya da kaurin tafi, wanda ya bar idon sawu a buɗe. Silifas ɗin soso mai tsinke tsakanin yatsu na banɗaki ne kawai: tsinken yana ɗaye fatar tsakanin yatsu, a cikin cunkoso kuma da an taka bayansa ya tsinke ko ya fita, kuma ba a sunkuyawa a ɗauki takalmi a cikin taro.

Farce a yanke shi kafin ɗaura harami, a miƙe, kada a zurfafa gefe. Bayan niyya ba dama. Mai faso a dunduniya ya fara shafa basilin da dare tun yanzu yana sa safa, don faso kan buɗe ya yi jini a kan doguwar tafiya.

Baban Khadija:
Sista, idan bororon ya riga ya fito fa? A fasa ko a bari?

Sista Rabi:
Kafin ya fito akwai alama: wuri ɗaya zai riƙa zafi yana ja. A lokacin a tsaya a gefe, a busar da wurin, a manna filasta mai faɗi ba tare da lanƙwasa ba. Wannan minti biyun shi ke ceton kwana uku. Idan ya fito ƙarami ne, a bar shi a rufe. Idan babba ne yana hana taka ƙasa, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a huda gefensa da sabuwar allurar sirinji, a matse ruwan, a bar fatar a kai don ita ce murfi, a sa aidin a rufe. Kada a yage fatar.

Amma mai ciwon suga kada ya huda da kansa, ya je asibiti. Kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, don da yawansu jijiyar ƙafa ta mutu, ba sa jin ƙuna. Kwaltar Mina da tsakar rana tana ƙona tafin ƙafa cikin 'yan mintuna. Farin dutsen da ke wurin ɗawafi yana da sanyi, shi ke yaudarar mutane su ɗauka ko'ina haka yake. Duk wanda zai shiga masallaci ya sa takalminsa a leda ya jefa a jaka, kada ya bar shi a ƙofa, don ba lallai ya fito ta ƙofar da ya shiga ba. Yawancin ƙunar ƙafa daga ɓatan takalmi take farawa.

Alhaji na Fagge:
Akwai wanda maza ba sa son faɗa: gogewar cinya. Babu wando a ƙarƙashin harami, ga gumi, ga yadin mai kaushi. Mai jiki yana kilomita 4 zai fara tafiya kamar an yi masa kaciya. Basilin marar turare a shafa da kauri tsakanin cinyoyi kafin fita, a maimaita bayan kowane wanka ko tsarki. Harami kuma a ɗaura shi ƙafafu a ware, tsawonsa zuwa tsakiyar ƙwauri, a kama da bel. Wanda ya ɗaure shi ƙafafu a haɗe ba zai iya buɗe taki ba.

Ɗan Maraɗi:
Malam, ita laima fa? A wurinmu akwai masu cewa Bamalike mai harami bai shiga inuwar laima, sai ya yi fidiya.

Malam Ɗanjuma:
Maganar tana da asali, a littattafan mazhaba an tsananta kan namiji ya yi wa kansa inuwa da abin da yake ɗauke da shi yana tafiya, saɓanin tanti ko gini. Amma a Sahihu Muslim Ummul Husaini ta ce ta ga Usama da Bilal, ɗaya na riƙe da akalar taguwar Annabi, ɗayan ya ɗaga tufa yana kare shi daga zafi har ya jefi Jamratul Aƙaba. Da wannan mafi yawan malamai suka halatta. Abin da aka hana shi ne abin da ya lizimci kai, kamar hula da rawani ko ɗora mayafin harami a ka. Ni abin da nake gaya wa maniyyata: ku riƙe laima, kada ta zauna a kan kai.

Maman Sadiq:
Kuma fara ko mai haske, mai ƙarfin ƙarafa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, ba tanti ba mota, suka yi ta tafiya a rana. Wannan ai ya isa amsa ga mai son taka Mina zuwa Arfa da hantsi.

Sista Rabi:
Kan ruwa. Ƙa'idar mai tafiya cikin zafi: kusan kofi ɗaya, mililita 250, kowane minti 20, ba sai an ji ƙishi ba. Amma kada a wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, kuma kada ya zama ruwa zalla yini guda, domin gumi gishiri yake fitarwa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa ba ci ba gishiri shi ma yana iya ruɗewa ya faɗi. A tafi da ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, goma ko fiye, a karanta jikin ledar don a san na lita ɗaya ne ko na rabi. In babu, lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gora ɗaya ta ORS a rana ta wadatar ga mai lafiya. Mai hawan jini, ciwon ƙoda ko zuciya ya tambayi likitansa tun a gida, musamman mai shan maganin sa fitsari.

Iyayenmu mata kuma, don Allah. Suna ƙin shan ruwa ranar Arfa da daren Muzdalifa saboda layin banɗaki. Da layi da ƙarin ruwa a asibiti, gara layi. Dabara ita ce a shiga banɗaki a Arfa kafin magariba da kamar awa ɗaya, a Muzdalifa kuma a je wajen ƙarfe 2 zuwa 3 na dare, kafin turmutsitsin alwalar asuba. Fitsari ya zama mai haske. Idan ya koma kalar shayi, jiki ya bushe.

A san bambancin abu biyu. Mai jiri, ciwon kai, tashin zuciya, gumi sharkaf amma hankalinsa daidai, zafi ne ya galabaitar da shi: inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, ORS a hankali. Wanda ya fara sambatu, ko bai san inda yake ba, ko yana tangaɗi, jikinsa kamar garwashi, wannan bugun zafi ne mai kisa. Kada a ɗura masa ruwa a baki. A kwarara masa ruwan sanyi a jiki, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a yi fifita, a kira 997 ko 911 ko jami'in tsaro mafi kusa.

Yaya Habu Kumasi:
Ni kaya zan yi magana a kai. Jakar goyo ɗaya, kada ta wuce kilo 4, hannaye biyu a sake. A ciki: gorar ruwa, ƙaramar gorar feshi, laima, tabarmar roba mai naɗewa don Muzdalifa, magunguna na kwana biyar, filasta, basilin, dabino da biskit, fawa bank, takalmi na biyu mara nauyi, ledar tsakuwa. Tsakuwa 49 ga mai fita ranar 12, 70 ga mai kaiwa 13, girman ƙwayar wake ko gujiya, a ƙara biyar ko shida don wadda za ta faɗi. Ba sai an tsince su duka a Muzdalifa ba, ta Mina ma ta yi.

Zuwa jifa kuma ba a ɗaukar ko wannan jakar, gora da laima da tsakuwa kawai. A Janairun 2006 mutum fiye da 340 suka rasu a bakin gadar jifa ranar 12 ga wata, kuma kayan da mutane suka ɗauko suka zube a hanya na cikin abin da ya haddasa tuntuɓen. Bayan nan aka rushe tsohuwar gadar aka gina ta yanzu mai hawa-hawa, shiga ta gefe ɗaya fita ta wani.

Alhaji na Fagge:
Gadar kanta yanzu da sauƙi, haɗarin ya koma titunan da ke kaiwa gare ta. Turmutsitsin da ya faru ranar 24 ga Satumba 2015 a mahaɗar titi na 204 da na 223 ne, taro biyu suka haɗu, kuma mun san alhazanmu nawa suka rasu a ranar. Don haka: kowane tanti yana da lokacin jifansa da aka rubuta, a bi shi. Kada a juya a fuskanci taro don an manta wani abu. Kada a bi gajeriyar hanya ta tsakanin tantuna. Idan ka ji an fara matse ka ta ko'ina, ɗaga hannayenka a gaban ƙirji don numfashi, bi inda taron ya nufa kana zamewa gefe kaɗan-kaɗan, kada ka tsaya cak kada ka zauna. A wurin jifan kansa mutane kan taru a farkon bangon. Bangon dogo ne, wuce zuwa ƙarshensa ka jefa a natse.

Ɗan Maraɗi:
To ga inda nake ruɗewa. Jifan ranar 11 da 12 sai bayan zawali, daidai lokacin da rana ta fi zafi. Jami'ai kuma na tsare mutane a tanti har la'asar, wasu tantunan ma lokacinsu na dare ne. A Malikiyya an ce jifan dare ramuwa ne, da jini, wato yankan dabba.

Malam Ɗanjuma:
Mashhurin mazhaba ke nan, ba ka yi kuskure ba. Amma tsakanin la'asar da magariba lokaci ne na jifa ba tare da saɓani ba, wanda ya samu wannan ya huta. Wanda jadawali ya ba shi dare, Shafi'awa da Hanafawa sun inganta jifan dare ba jini, kuma malamai da yawa na wannan zamani da shi suke fatawa saboda cunkoso da zafi. Ban ga dalilin da mutum zai karya tsari ya fita ƙarfe ɗaya na rana da tsohuwa a hannu ba. Wanda ba zai iya tafiyar ba sam, ya wakilta wani ya jefa masa, ya tambayi malamin tawagarsa abin da ke kansa, don a nan ma mazhabobi sun bambanta.

Maman Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, su raunana a Muzdalifa fa, dole sai sun kai asuba?

Malam Ɗanjuma:
A'a. Annabi ya yi wa Nana Sauda da raunanan iyalinsa izini su wuce Mina da dare. A wurin Malikawa wajibin shi ne a sauka gwargwadon sauke kaya, a yi salla a ɗan ci abinci, kwana har asuba sunna ne. Dattawan Baban Khadija idan motar tsakar dare ta samu su bi ta.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai. Saura wata biyu su tashi. Atisayen ya za su yi?

Sista Rabi:
Wata biyu ya isa. Sati biyun farko minti 30 bayan asuba, kwana biyar a sati, da takalmin da za su tafi da shi. Bayan nan kowane sati a ƙara minti 10. Daga sati na biyar su goya jakar da kilo 3 a ciki, sau ɗaya a sati su yi doguwa ta kilomita 8 zuwa 10, washegari kuma su sake yin 5, saboda abin da ke kayar da mutum a Mina shi ne tashi da gajiyar jiya. Wasu ranakun su koma yi da la'asar don jiki ya saba da zafi. Satin ƙarshe a sassauta. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe a atisaye, likita kafin jirgi.

Can ma kada su ƙarar da ƙafarsu kafin aiki ya zo. Mai masauki a unguwar Misfala da ke zuwa Harami sau biyar a yini yana taka kilomita 10 ko fiye bai sani ba, ga Umra a kai a kai. Daga 5 ga Zulhajji su rage, su yi wasu sallolin a masallacin unguwa.

Yaya Habu Kumasi:
Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, a wuya koyaushe, ba a shiga Masha'ir sai da shi. Da sun isa Mina su ɗauki hoton allon tantinsu mai lambar maktab (ofishin da ke kula da su) da lambar titi, su adana wurin a taswirar waya, su kuma rubuta a takarda, don waya kan mutu ko zafi ya kashe ta. Tantunan duk fari ne iri ɗaya. Mutum uku su ajiye wurin haɗuwa mai lamba bayan fita daga gadar jifa, kuma mai raunin cikinsu shi ke gaba, sauran su bi takinsa.

Ɗan Maraɗi:
Jirgin ƙasan Masha'ir fa, kowa ke hawa?

Alhaji na Fagge:
A'a, sai tawagar da aka sa a tsarinsa aka ba ta shaida. Tashoshi 9 ne, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, tun 2010 yake aiki. Baban Khadija ya tambayi hukumar alhazan jiharsu ko mota ce ko jirgi. Ko jirgin ne, daga tanti zuwa tasha da tsayuwar layi a kan gangara na iya cin awa guda, don haka gora da laima na hannu.